Wai Katun Ɗin Yara!

Na gaji. Wallahi na gaji da mutanen da ba su taɓa zama sun kalli anime, wato zanen Japan mai motsi, ko na minti goma ba, amma su ne alƙalai, su ne shaidu, su ne masu zartar da hukunci. Da zarar sun leƙo wayarka sun ga zane yana motsi sai ka ga an taɓe baki: "Haba malam, da gemunka da iyalinka kana kallon katun ɗin yara?" Mai wannan magana fa, daren jiya awa uku ya kwashe a gaban fim ɗin Indiya na fassara, inda jarumi ya mari ƙato, ƙaton ya tashi sama ya faɗa kan mota, motar ta kama da wuta, shi kuwa jarumi ko tabaraunsa bai goce ba. Wannan shi ne kallon masu hankali. Namu kuma shirme. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in ware wasu tun da wuri. Wanda ya ce fahimtarsa ta addini ba ta ba shi damar kallon zanen mai rai ba, kuma ya tsaya a kan haka, ba Indiya, ba Turkiyya, ba TikTok, wannan na sara masa, ba da shi nake ba. Da masu raini nake. Waɗanda ba tsoron Allah ne ya hana su ba, girman kai ne da rashin sani, shi kuwa rashin sani ya fi dare duhu.

Da a kan taɓe baki abin ya tsaya, da sai mu toshe kunne. Amma ka san abin da rainin nan yake haifarwa, ka gani a gidan ɗan'uwanka, wataƙila ma a naka. Yaro ya dami mutane da kuka, sai a miƙa masa waya. An je shagon masu tura finafinai an ce, "Zuba wa yara katun." Mai shago ya zuba abin da hannunsa ya kai. Babu wanda ya duba, don me za a duba, ai zane ne. Sai ga ɗan shekara bakwai ya ƙura wa Attack on Titan ido. Ka san abin da ke cikin kashin farko? Wasu ƙatti tsirara masu siffar mutane, sun fi soro tsawo, sun kutso ta ganuwar gari. Gida ya rufta a kan wata uwa, ɗanta yana ta jan katako ya kasa ɗagawa, wani soja ya sungume shi ya ruga da shi, yaron yana waiwaye yana ihu, wani ƙato mai murmushi har kunne ya ɗago uwar, ya murƙushe ta, ya kai baki. Jini ya fantsama. Kashin farko ke nan fa, ko zama ba a gama gyarawa ba. Uban yaron da ke kallo kuma yana can majalisa yana bayanin yadda tarbiyya ta lalace a wannan zamani.

Ka ga bala'in? Raini ɗaya, ɓarna biyu. Babba ya hana kansa labaran da aka rubuta dominsa, yaro kuma an bar shi da abin da zai hana shi barci.

Su masu abin ba su taɓa cewa duk na yara ne ba. A Japan yawancin anime daga manga yake fitowa, wato labarin zane da ake bugawa baƙi da fari a mujallu, babi-babi, mako-mako ko wata-wata, daga baya a tattara shi mujalladi-mujalladi. Daga dama ake karanta shi zuwa hagu, wanda ya tashi da allo da Ajami ba zai sha wahala ba. Kuma kowace mujalla ta san da wa take magana. Akwai kodomo na ƙananan yara, shonen na samari masu tasowa, shojo na 'yammata, seinen na magidanta, josei na manyan mata. Akwai na girki, na siyasa, na asibiti, na ma'aikacin ofis da maigidansa ya takura wa. Mujallar Weekly Shonen Jump da kamfanin Shueisha ya fara bugawa a 1968 ta taɓa fitar da kwafi miliyan 6.53 a mako ɗaya a 1995. Mako ɗaya! Spirited Away na Hayao Miyazaki ya ci kyautar Oscar a 2003, The Boy and the Heron ya sake ciyo masa a 2024. A 2020, shekarar korona, fim ɗin da ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya, har da na Hollywood, shi ne Demon Slayer: Mugen Train, labarin wani yaro mai sayar da gawayi da aka karkashe masa dangi aka bar masa ƙanwa ta rikiɗe ta zama dodanniya. Kusan dala miliyan 500. Amma malam na majalisar ƙofar gida ya riga ya gama bincike: shirme ne.

Abin dariyar ma, su masu taɓe bakin nan da anime suka girma, ba su sani ba. Wane ne cikin 'yan shekara arba'in da ɗoriya bai ruga gidan maƙwabta ba idan NTA ta sako Voltron, zakuna biyar na ƙarfe su haɗe su zama basamude ɗaya da takobi? To, zanen Japan ne, Amurkawa suka sayo daga kamfanin Toei suka sauya masa suna da murya. Wane ne ya samu setilayit ɗin Larabawa bai san Kaftin Majid ba, yaron nan da zai ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili a gama kashi guda yana gudu bai kai raga ba? Captain Tsubasa ke nan, Yoichi Takahashi ya fara zana shi a 1981. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Garwa sun san shi da Olive et Tom, ta hannun Faransawa. Andrés Iniesta da Fernando Torres ba su ji kunyar cewa da shi suka tashi ba, kuma su biyun duk sun koma Japan da buga ƙwallo a 2018. Masu Kofin Duniya a hannu ba su ji kunya ba, sai kai da ko gasar unguwa ba ka taɓa ci ba.

Yanzu bari in juyo kanku, ku 'yan gida, don ku ma kun ishe ni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya sauke girman kai ya zo ya ce, "To na ji, da wanne zan fara?" Sai ku haɗa baki: Naruto! One Piece! Naruto da ci gabansa kashi 720 ne. One Piece tun 1999 ake nuna shi, ya wuce kashi 1,000 tun 2021. Magidanci mai fafutukar cefane, a ƙasar da ake kawo wuta a ɗauke kafin waya ta cika, data kuma sai an yi lissafi, shi za ka ɗora wa kashi dubu? Har ka ƙara masa da cewa ya yi haƙuri, sai ya yi nisa zai fara jin daɗi? Ban ce ba su da kyau ba. Eiichiro Oda mai One Piece bai sayar da kwafi sama da miliyan 500 da ka ba, kuma maraicin Naruto, yaron da gari ya tsangwama kan laifin da ba nasa ba, yana taɓa zuciya. Amma abin da kuke yi daidai yake da a kai baƙo Kasuwar Kurmi, a tsayar da shi gaban mai albasa, a ce masa ya gama ganin kasuwa. Shi ya sa ake yi mana kallon masu son ihu da naushi da gashi mai tsini. Ku kuka ja mana.

To, tunda masu raini ba su sani ba, masana kuma sun ƙi faɗa, ni bari in faɗa.

Wanda ya ce na yara ne, a ba shi Grave of the Fireflies, a rufe ƙofa. Isao Takahata ya yi shi a 1988 a gidan zane na Ghibli, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Birnin Kobe ne a 1945, jiragen Amurka suna ruwan wuta. Seita ɗan shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko 'yar shekara 4, uwa ta ƙone ta mutu, uba yana yaƙi a teku ba labari. Suka koma wurin wata gwaggonsu. Ta karɓe su, da shinkafa ta fara ja baya sai gori ya fara: 'yarta da ɗan haya a tsamo musu mai kauri, marayu a zuba musu ruwa-ruwa. Ka san irin gwaggon nan. Kowa ya san ta. Yaran suka yi zuciya suka koma wani ramin ɓuya a bakin tafki. Akwai wani gwangwanin alewa da yarinyar ba ta rabuwa da shi, da alewar ta ƙare sai yayan ya zuba ruwa a ciki ya girgiza, ya ba ta ta sha ɗan zaƙin da ya maƙale. Da yunwa ta ci ta har ta fara gigita, sai ta dunƙula ƙasa ta miƙa wa yayanta, wai ga shinkafa ta yi masa. Akiyuki Nosaka da ya rubuta labarin a 1967, ƙanwarsa ta gaske yunwa ce ta kashe ta a wannan yaƙi. Mu da muke da sansanonin 'yan gudun hijira daga Borno har Zamfara, wa zai dube mu ya ce wannan tatsuniyar yara ce? In ya gama kallo bai ji komai ba, a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa.

Mai ƙorafin cewa a asibiti ran babban mutum ya fi na talaka tsada, ga Monster na Naoki Urasawa, mujalladi 18, anime kashi 74. Kenzo Tenma likitan ƙwaƙwalwa ne Bajapane a birnin Düsseldorf na Jamus. Wata rana shugaban asibiti ya sa shi ya bar wani lebura Baturke da ya riga zuwa, ya yi wa wani shahararren mawaƙi aiki. Leburan ya mutu, matarsa ta zo ta ci kwalar likita tana kuka. Da aka sake kawo wani yaro da harsashi a ka, magajin gari ya biyo baya, aka ce ya bar yaron, sai ya ƙi. Yaro ya rayu, magajin gari ya mutu, Tenma ya rasa muƙami, budurwa ta yar masa da zobe. Sai ka ce ai Allah zai saka masa. Bayan shekara tara ya gano yaron da ya ceta ya zama makashin da ko ido ba ya ƙiftawa. To, ya yi daidai ko bai yi ba? Ga tambayar da wai aka tsara wa 'yan firamare.

Mai cewa da za a ba shi mulki na kwana ɗaya da ya harbe ɓarayin ƙasar nan kaf, kuma kowane teburin mai shayi yana da irinsa, a ba shi Death Note, kashi 37 kacal. Light Yagami ɗalibi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki sai ya mutu. Da masu laifi ya fara, jama'a suna tafi. Kafin a je ko'ina ya koma kan jami'an da ke nemansa, daga nan sai duk wanda ya tsaya masa a hanya. Mun ga masu gyara irin wannan da idonmu, ba sai a zane ba.

Mai ramuwar gayya a zuci, ga Vinland Saga na Makoto Yukimura. Thorfinn yana yaro aka kashe ubansa a gabansa, ya bi makashin, Askeladd, sama da shekara goma yana yi masa yaƙi, ana ƙona garuruwan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, duk don a ba shi damar fito-na-fito da shi. Ranar da wani ya riga shi kashe mutumin, sai ya tarar ba shi da komai a duniya, ko dalilin tashi da safe. A zango na biyu bawa ne a wata gona a Denmark, yana saran daji yana shuka alkama, waɗanda ya kashe suna zo masa a mafarki. Wasu 'yan kallo sai mita, wai an daina faɗa an koma noma. Kai jama'a! Ai noman shi ne labarin. A yankin da kisan ramuwa ya cinye ƙauyuka, an kashe mana mun kashe musu har an manta wa ya fara, babu labarin da ya fi wannan dacewa da samarinmu.

Wanda yake son faɗa da dariya da kuka da siyasa, kuma labari ya ƙare inda ya kamata, ya nemi Fullmetal Alchemist: Brotherhood, kashi 64. Wa da ƙane suka yi taurin kai za su dawo da mahaifiyarsu daga kabari, ɗaya ya rasa ƙafa da hannu, ɗaya ya rasa gangar jikinsa ɗungurungum. Labarin bai yi musu tafi ba, iyakar ɗan'adam ya nuna musu. A ciki har da sojojin da gwamnati ta tura suka share wata ƙabila, suka dawo da ƙarin girma da rashin barci. Mace ce ta zana shi, Hiromu Arakawa, 'yar masu kiwon shanu daga tsibirin Hokkaido, shekara bakwai ta yi tana aiki a gonar iyayenta kafin ta tafi Tokyo. Ita ce kuma ta yi Silver Spoon, ɗan birni ya gudu makarantar koyon noma yana zaton hutu zai samu, aka riƙa tashinsa da asuba yana hidimar dabbobi, ya ga yadda bashi ya rufe gonar iyayen abokinsa. Akwai alade a ciki, na faɗa maka tun yanzu, kada ka zo kana zagina.

Masu kwana a gidan kallon ƙwallo, kuna da Slam Dunk na Takehiko Inoue, takadari mai jan gashi ya shiga ƙwallon kwando don ya burge yarinya, wasan ya kama shi da gaske. Masu son dambe kuna da Hajime no Ippo, tun 1989 ake zana shi, yaro mai kunya da 'yan makaranta ke jibga, ashe ɗaukar kayan jirgin kamun kifin mahaifiyarsa ya gina masa damtse bai sani ba.

'Yan'uwa mata, ku aka fi cuta, don an sa muku a rai cewa abin na maza ne. Ƙarya ne. Nemi manga ɗin A Bride's Story na Kaoru Mori. Asiya ta Tsakiya ce a ƙarni na 19, an kai Amir 'yar shekara 20 gidan mijinta Karluk ɗan shekara 12, ta iya sukuwa, ta iya harbin zomo da baka, daga baya danginta suka dawo wai a ba su 'yarsu za su aurar wa masu ƙarfi saboda filin kiwo. Amma zanen ne zai riƙe ki. Baiwar Allahn nan takan cika shafi guda da adon rigar amarya, zare bayan zare, ko sassaƙar ƙyaure, ko layin mata a bakin tanderu suna gasa gurasa suna hira. Akwai wata Pariya, baki ba linzami, gwanar gurasa amma ita da allura ba sa ga maciji, ga shi dole ta ɗinka tulin kayan ɗakinta kafin a yi maganar biki. Duk uwar da ta taɓa tara wa 'yarta kayan ɗaki za ta gane wannan tashin hankali.

Ga kuma The Apothecary Diaries. Maomao 'yar mai magani ce, aka sace ta aka sayar cikin kuyangin fadar sarki, jariran sarki suna ta ciwo suna mutuwa, fada ta ɗauka wai la'ana ce, kishiyoyi suna hararar juna, ita kuwa ta duba ta gano hodar da suke shafawa don su yi fari ce mai guba. Masu man bilicin, kun dai ji. Sai fim ɗin A Silent Voice na Naoko Yamada, 2016. Yaro ya addabi wata kurma a aji, yana fizge na'urar jinta yana jefarwa har kunnenta ya yi jini, 'yan aji suna dariya, malami yana kawar da kai, ranar da magana ta fito kowa ya zame ya bar shi shi kaɗai. Ya girma ya koyi maganar hannu don ya nemi gafararta. Wannan kam a fara nuna wa malamai kafin ɗalibai.

Yaran fa? Suna da nasu, in za a yi wahalar nema. My Neighbor Totoro, wanda aka saki rana ɗaya da Grave of the Fireflies, 'yammata biyu da ubansu sun koma ƙauye don uwarsu tana jinya a asibiti, babu mugu ko ɗaya a cikinsa. Waɗanda suka ɗan tasa a ba su Cells at Work, inda aka mayar da ƙwayoyin jini ma'aikata, ja tana kai iskar numfashi gida-gida, fari yana farautar ƙwayoyin cuta. Amma Berserk da Chainsaw Man da Jujutsu Kaisen, da shi kansa Demon Slayer da ake fille kawuna, ku nisanta su daga yara. Nesa.

Kada wani ya ce na zo wanke anime tas. Akwai ƙazanta a ciki, jibgi. Akwai masu zana 'yar makaranta da surar da baki ba zai faɗa ba, ido yana bin siket, wai kyauta ce ga 'yan kallo. Akwai tarin shirmen isekai da ake kwararowa kowane zango: wani ragon saurayi mota ta buge shi, ya farka a wata duniya ya fi kowa ƙarfi, 'yammata suna rububinsa bai tsinana komai ba. Mafarkin malalaci. Akwai yadda aka daɗe ana zana baƙar fata, je ka dubi Mr. Popo na Dragon Ball da leɓensa ka dawo ka ba ni labari. Akwai alloli da aljanu da tsafi birjik, don cikin Shinto da addinin Buddha masu abin suka tashi, ba don mu suka zana ba. Sun ma taɓa taka mu kai tsaye. A 2008 aka gano an sa rubutun Alƙur'ani a littafin da mugun JoJo's Bizarre Adventure yake karantawa, Shueisha ta ba da haƙuri aka dakatar da sayarwa. A 2019 aka tsinci kiran salla cikin kiɗan wani faifan Demon Slayer, aka janye shi. Duk gaskiya ne. To amma wa zai tace wa yaro wannan? Uban da ya ce ai katun ne? Wanda bai san abu ba, ba ya iya kare ɗansa daga sharrinsa, ba ya iya nuna masa alherinsa. Sai ihu bayan hari.

Ku dubi Saudiyya. A 2001 aka haramta Pokémon a can. A 2021 kamfaninsu na Manga Productions ya haɗa hannu da Toei, masu anime ɗin Dragon Ball da One Piece, suka fitar da The Journey, labarin rundunar Abraha mai giwaye da ta nufo Makka. A 2024 suka sanar za su gina wurin shaƙatawa na Dragon Ball a Qiddiya kusa da Riyadh. Ko ka yarda da su ko kada ka yarda, sun gane abin da muka ƙi ganewa: yaransu suna kallo ko an so ko an ƙi, gara a sa hannu a ba su labarinsu.

Su kansu Japanawan ba su tsira daga rainin mai zane ba. Harkar anime ta haura yen tiriliyan 3 a 2023, amma matasan da ke zana hotunan tsakani, waɗanda ke sa hannu ya ɗaga ido ya ƙifta, ɗai-ɗai ake biyansu, wasu yen 200 kan zane guda, ko dala 2 bai kai ba. Ribar tana can wurin gamayyar kamfanonin da suka zuba jari, masu talabijin da mawallafa da masu kayan wasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yoshihiro Togashi na Hunter x Hunter ciwon baya yakan sa shi ya yi shekaru bai fitar da babi ba, sai ka ji 'yan kallo, har da namu da ko kwabo ba su taɓa biya ba, suna zaginsa wai malalaci ne. Ga manhajar Manga Plus nan tun 2019, kyauta ake karanta sababbin babi ta halas, amma a'a, sai shafin sata.

Ka san inda rainin nan ya fi yi mana illa? A aji. Kowannenmu ya zauna benci ɗaya da yaron nan, wanda bayan littafinsa yake cike da zanen doki da mota da fuskar malami. Me aka yi masa? Bulala. Aka yaga littafin, aka ce wasa yake, ba zai zama komai ba. Hajime Isayama, mai Attack on Titan ɗin nan, ɗan wani ƙaramin gari ne a cikin duwatsun Oita. Ya kai zanensa Shonen Jump aka ce ya je ya sauya salo, ya ɗauki kayansa ya tafi kamfanin Kodansha, aka fara buga labarin a 2009, ya sayar da kwafi sama da miliyan 100. Shi ya samu ƙofa ta biyu da zai ƙwanƙwasa. Namu ko ta farko babu. Muna da Ganɗoki, muna da Iliya Ɗan Maiƙarfi, muna da Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, da akun Magana Jari Ce, da Gizo da duk makircinsa, da Sarauniya Amina da ganuwarta, ga su nan kwance a takarda suna jiran hannun da zai tashe su, mu kuma muna zaune muna kukan wai al'adun baƙi sun kwashe mana yara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga shi da bulala. Yaron da ke zane a gidanku, kafin ku ɗaga masa hannu, ku saya masa fensir da takarda. In ba za ku iya ba, ku daina damunmu da kuka.